Wata huɗu ina wasa kunne da manhajar waya: ribar da gitata ta samu

Shekara shida ke nan ina kaɗa gita a nan Damagaram, amma har farkon bana, in aka rera waƙa aka ce in bi, sai in kama lalube a wuyan gita kamar mai neman allura cikin rairayi. Abin da ya tunzura ni wani gwaji ne da muka yi a unguwar Zango ana gobe biki. Mawaƙiyarmu ta ɗaga murya sama da inda muka saba, dattijon da ke mana gurmi ya bi ta nan take, ni kuwa sai da na taɓa gaɓa uku, wato rabe-raben nan na wuyan gita da ake danna tsirkiya a kansu, kafin in dace. Ba wanda ya ce uffan, kuma shirun ya fi zagi ciwo.

A daren na sauke wata manhaja ta horar da kunne. Ba zan kama sunanta ba, don ba talla aka ba ni ba, kuma irinta suna da yawa, tsarinsu kusan ɗaya. Tana buga sauti biyu, ko ɗaya bayan ɗaya ko a tare, kai kuma ka faɗi tazarar da ke tsakaninsu. Na sa ta a Faransanci, sai ga sunaye irin su tiyas, kart, kent da oktab. Kwana uku suna ruɗa ni, har na daina kallon sunayen na koma ƙirga gaɓoɓin gita. Gaɓa 3 ƙaramar tiyas, 4 babba, 5 kart, 7 kent, 12 kuma oktab, inda sautin farko yake dawowa da siririyar murya. Gaɓa ta 12 tana daidai tsakiyar tsirkiya, shi ya sa karkarwarta take ninkawa biyu: tsirkiya ta biyar, wadda ake kira la, tana kaɗawa sau 110 a daƙiƙa, in ka danne ta a can ta koma 220. A nan ne ma na gane abin da na shekara shida ina yi da ka wajen ɗaure gita. Tsirkiyoyin gita shida, daga mai kauri zuwa siririya, sunayensu mi, la, re, sol, si da mi: daga mi zuwa la, la zuwa re, re zuwa sol, duk gaɓa 5 ne, sai tsakanin sol da si kaɗai ake samun 4.

Abin da na yaba mata shi ne ba ta jibga wa mutum kaya. Da tazara biyu take farawa, sai ka riƙe su ta ƙara ta uku, kuma tana tuna inda kake yawan faɗuwa ta riƙa dawo maka da shi. Ba ta bukatar intanet bayan an sauke, ba ta cin batir sosai, don haka ko an ɗauke wuta ina yin minti 15 ɗina bayan sallar isha'i kafin in fita fada shan shayi. Oktab, kent da kart sun zauna mini cikin mako biyu. Ban yi mamaki ba sosai. Wanda ya tashi yana bambance kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya ta wahala da wuyan da ake rataya laya, kunnensa ya riga ya san hawa da saukar murya. Abin da ya rage masa shi ne awo.

Sai dai fa akwai inda ta ba ni haushi. Sautin da take bayarwa kyauta na piyano ne. Na gita sai an biya, biyan kuma da katin banki, wanda ba ni da shi. Ga talla da ke faɗo wa mutum yana tsakiyar saurare. Wanda ya fi damuna shi ne waƙoƙin da take kawowa wai don su tuna maka kowace tazara: duk na Turai da Amurka ne, ko ɗaya ban taɓa ji ba. Ta yaya abin da ban sani ba zai tuna mini wani abin da ban sani ba? Dole na zauna na tsinto nawa daga waƙoƙin gaɗa da na daka da muka ji a bakin iyayenmu mata, na rubuta a littafi: wannan farkonta gaɓa 5 ne a hawa, waccan 3 a sauka.

Bayan wata biyu ina cin kusan duk tambayoyinta, na tafi gwaji ina jin kaina. Aka tada waƙa, na sake lalube. Sauti biyu tsirara a cikin ɗaki shiru daban, waƙa mai gudu da kalangu a bayanta daban. Da aka tashi na bi dattijon nan mai gurmi, na ce, “Baba, gurminka ko gaɓa ba shi da ita, yaya kake sanin inda za ka sa yatsa?” Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, kai kana so yatsa ya riga baki. Ka rera tukuna, hannu zai biyo.”

Daga ranar na sauya yadda nake aiki da manhajar. In ta buga, ba na taɓa amsa sai na rera sautukan biyu da bakina, sannan in nemo su a gita, sannan in danna. Na kuma ƙara wani abu da babu shi a cikinta, wanda na gani wurin makaɗan Agadas: barin tsirkiya ɗaya a sake tana gunji a ƙasa. Ina sakin mi mai kauri, in riƙa tafiya a kan mi siririya. Tunda sunansu ɗaya, oktab biyu ne kawai tsakaninsu, lambar gaɓar da na danna ita ce tazarar. Na fi daɗewa a kan 3, 5, 7 da 10, domin su da sakakkiyar tsirkiya su ne sautuka biyar ɗin da yawancin kiɗanmu ke yawo a kansu. Wani lokaci muryar gurmi ko ta algaita takan faɗa tsakanin gaɓa biyu, inda manhaja ba ta da suna. A nan sai in ɗan ja tsirkiya da yatsa har ta hau.

Ga mai gita da ya riga ya iya riƙe hannu, zan ce ya sauke ta kyautar ta ishe shi, amma kada ya buɗe ta sai gita na kan cinyarsa. Wanda bai fara kaɗawa ba, ya bari tukuna.

A bikin da muka yi makon jiya a unguwar Birni, mawaƙiyar ta sake ɗaga murya ba gargaɗi. Na ji gaɓa 2 ce ta hau, na matsa hannu, muka wuce. Gaɓa 8 da 9 kam, musamman in suna saukowa, har yanzu canke nake yi.