Masu haɗa injin wuta biyu a Yelwa, Garwa

Duk mai ɗakin sanyi a Garwa ta Kamaru da ke shirin cin bashi ya sayi babban gurup, wato injin wuta, ya fara leƙa wani ƙaramin shagon masu aikin wuta da ke Yelwa. Ni kifin Lagdo nake ajiyewa. A watannin Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ruwan dam ɗin Lagdo mai ba da wuta ya ja baya, wutar gari ta riƙa wasa da mutane. Injuna biyu gare ni, tsoho da sabo, kuma babu wanda ke iya tayar da kwamfaresa, wato na'urar sanyaya ɗakin, shi kaɗai.

Abin da ya sa na yarda da mai shagon shi ne ƙin sayar mini da akwatin haɗa injunan biyu da ya yi a ranar farko. Ya saurari tsohon injin, ya ce: "Alhaji, wannan gudunsa hawa da sauka yake yi. In na haɗa su a haka, ɗaya zai riƙa tura ɗaya, gazuwal ɗinka ya tafi a banza." Sai da ya gyara abin daidaita gudun ya tsaya a juyi 1,500 a minti, wato wutar na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, sannan ya taɓa waya.

Ya nuna mini da ƙwan fitila uku da ya jona tsakanin injunan. Da farko suna ta ƙyaftawa da sauri. Yana murɗa maɓalli a hankali, ƙyaftawar na raguwa, har hasken ya koma tashi da faɗuwa sannu sannu. Daidai lokacin da suka mutu gaba ɗaya ya rufe makunnin. Ƙarar injunan ta zama guda, kamar mata biyu da suka gwanance da lugude. Daga nan su ke riƙe juna: wanda ya so yin gaba, nauyi ya ƙaru a kansa ya ja shi baya, akwatin kuma yana gyara rabon kaya duk sanda kwamfaresa ta tashi.

Ɗana da ke karatu a jami'ar Ngaundere ya ce mini Christiaan Huygens, ɗan Holan, ya ga irin wannan a 1665 a agogon bango biyu da ke rataye a katako ɗaya, kuma a 1975 Yoshiki Kuramoto na Japan ya nuna da lissafi cewa haɗuwar ba ta kamawa sai ƙarfin haɗin ya rinjayi bambancin gudu. Dalilin gyara tsohon injin ke nan tun farko.

Inda suka gaza: kayan da suka yi oda daga Duwala sun daɗe ba su iso ba, ba su kuma kira sun faɗa mini ba. Ba su rubuta mini saitin akwatin a takarda ba sai da na matsa. Kuɗin aikinsu ba arha ba ne, amma bai kai rabin sabon gurup ba. In za ka je, ɗauki hoton farantin bayanin kowane inji ka tafi da shi, shi za su fara tambaya.