Na gwada ostiyofati a Wuse: hannun mutumin da albarka, tsarin wurin ne matsala

Ciwon kwankwaso ne ya kai ni. Duk mai tasowa daga Mararraba zuwa Sakatariya a Abuja kullum ya san abin da cunkoson Nyanya ke yi wa bayan mutum, ga zaman ofis har la'asar. Nawa ya kai sai a kan kujera nake sallah. Maganin kashe zafi na sha har cikina ya fara ƙuna, hoton ƙashi kuma ya nuna babu karaya babu gocewa. Nan ne wani abokin aiki ya yi min kwatancen wani mai ostiyofati a Wuse 2.

Ostiyofati ba ɗori ba ne, ba kuma tausar jin daɗi ba. Wani likitan Amurka, Andrew Taylor Still, ya assasa tsarin a 1874: da hannu ake miƙar da tsoka, a motsa gaɓar da ta ƙage. Shi mutumin na Wuse a Ingila ya karanta, inda dokar 1993 ta wajabta wa masu sana'ar yin rajista, takardarsa ma tana rataye a bango.

Abin da ya burge ni, bai fara da inda ke ciwo ba. Ya sa na yi tafiya yana kallo, na sunkuya, na tsaya da ƙafa ɗaya. Sai ya nuna aljihun bayana ya ce, “Alhaji, kan wannan walat ɗin kake zama kana tuƙi?” Wallahi haka ne, shekara da shekaru. Ya kwantar da ni ta gefe, ya naɗe gwiwata, ya danna wata tsoka a cikin ɗuwawu da gwiwar hannunsa, zafin ya sauka har ɗan yatsan ƙafa. Da ya murɗa ƙugun na ji ƙas, na ce Likita ƙashin ya koma? Ya ce a'a, iska ce a ruwan gaɓa ke wannan ƙarar, kada kowa ya yaudare ni da zancen mayar da ƙashi. Wannan gaskiyar ta sa na yarda da shi. Jikina ya yi tsami washegari kamar yadda ya faɗa, amma kafin Juma'a na yi sujada goshina a ƙasa. Sai da idona ya kawo ruwa.

To da a nan aka tsaya da sai in ce kowa ya je. Matar da ke karɓar kuɗi ta matsa min in biya na zuwa da yawa a dunƙule, wai akwai rangwame, na biya. Komawar da zan yi aka ce Likita ya yi tafiya. Wani yaro ya ɗora min tawul mai ɗumi, ya kunna fitilar gashi ya fita yana danna waya, a kan kuɗin da ka san ba kaɗan ba ne. Ko kira babu wanda ya yi min, alhali na baro aiki na keto rana. Na nemi a mayar min da na ranar, aka ce ba a mayarwa.

Har yanzu abin na ci min rai. Motsa jikin da ya koya min ina yi safe da yamma, ciwon ya ragu sosai duk da yakan leƙo in na daɗe a mota. In za ka je, ka kira ka tabbatar shi da kansa yana nan, kuma ka biya na ranar kawai.