Wardi da bugenbil a kwami ɗaya? Amsa ga Hajiya

Hajiya, kin ce kina da ɗan fili a tsakar gida nan Maradi, kina son ki jera wardi, hibiskus, bugenbil (furen nan mai ƙaya da ke hawa katanga) da kariya a layi ɗaya jikin katanga, kuma kina tambaya ko ki dasa yanzu da bazara. Shawarata ita ce ki raba su gida biyu. Abin da ke haɗa furanni zama ɗaya ƙishinsu ne, launi daga baya yake zuwa.

Ki fara duba ƙasar gidanki. Tun ambaliyar 1945 garin nan ya baro bakin gulbi ya hau tudu, shi ya sa yawancin gidajenmu a kan jigawa suke. Ki zuba bokitin ruwa ki gani, kafin ki juya rairayi ya shanye. Ruwan sama kuwa daga Yuni zuwa Satumba ne, wajen milimita 500 a shekara, sannan a Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40.

Bugenbil da kariya wannan yanayin nasu ne. Bugenbil daga Kudancin Amurka ta fito, kuma halinta na ban mamaki ne: in kin cika mata ruwa da taki sai ta yi ta ganye da ƙaya, in kin bar ƙasa ta bushe tsakanin ban-ruwa sai ta rufe katanga da ja. Kariya kuwa 'yar gida ce, a kumburarren gindinta take ajiye ruwa, kuma da rani, lokacin da ta kakkaɓe ganye, take fitar da furen nan mai ruwan hoda. Ruwa kullum ruɓar da ita yake yi. Ki matsa gindin da yatsa, in kin ji ya yi laushi kamar nunanniyar gwanda, to ruwa ya yi mata yawa. Sai dai ki kula, Hajiya, ruwan jikinta dafi ne, har a kibiya ake shafa shi a da. In akwai yara masu rarrafe ko awaki, ki sa ta a tukunya ki ɗora sama. A ƙarƙashin waɗannan biyun ki zuba pervenche, 'yar Madagaska mai fari da hoda wadda ke zubar da iri ta sake tsirowa da kanta, da pourpier, ɗan fure mai yaɗo a ƙasa da ke buɗewa in rana ta fito.

Wardi da hibiskus wata duniya ce. Suna son ƙasa mai riƙe damshi irin ta fadamar gulbi, don haka a tudu sai kin haƙa rami kamu biyu, kin cakuɗa rairayin da laka da takin da ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake, ya kuma gayyato gara. Da bazara ban-ruwa kullum ne, da sassafe ko bayan la'asar, a gindi. Ranar safe suke so, ta azahar kuwa babbake toho take yi, saboda haka jikin katangar da ke samun inuwa da yamma ne wurinsu. Kada ki kai su gindin bedi don neman inuwa, saiwarsa za ta kwashe ruwan. Hibiskus, dangin yakuwa da kuɓewa, ya fi wardi haƙuri, ko da yake furensa kwana ɗaya ko biyu yake yi ya faɗi, kuma fararen ƙwarin nan masu kama da auduga suna damunsa. Wardi kuwa sai da sanyin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, yake nuna kansa.

To kin ga matsalar layi ɗaya. Ruwan da zai raya wardi shi zai kashe kariya, ya hana bugenbil fure. Wanda zai ishi bugenbil kuma, wardi ba zai kai Mayu a kansa ba.

Da ni ce mai filin, katangar da rana ke duka duk yini bugenbil zan ba, tsakanin kowace da 'yar'uwarta mita biyu, da pervenche a ƙasa. Wardi biyu ko uku kawai, a manyan tukwane masu huda a gindi, kusa da famfo inda ba za a manta da su ba. In kina son ƙamshi ba wahala, ki dasa lalle a kwana. Furensa da dare ya fi ƙarfin misali, ga ganye kuma na biki.

Batun lokaci kuwa, kada ki dasa yanzu. Bazara ta shiri ce: haƙa ramuka, tara taki a jiƙa shi ya ruɓe, gyara shinge. Ki jira ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, ki dasa da yamma. Wajen cire ledar bugenbil ki yanka ta da reza a hankali, don ba ta son a fasa ƙasar da ke riƙe da saiwarta.