Kanikancin dizal: kwalejin al'umma ko makarantar kuɗi?

Wa alaikumus salam, ƙanina. Tsakanin kwalejin al'umma ta shekara biyu da waccan makarantar kuɗin da ke ta kiranka a waya, tana cewa cikin shekara guda za ta mayar da kai bakaniken dizal, ka tafi kwaleji. Ba ni da wani kwana-kwana a kan wannan. Ni ma a nan jihar North Carolina ta Amurka nake, kwalejin na yi, kuma da takardarta nake ciyar da iyalina har yau.

Kuɗi ne ke hana mutum barci, don haka ga yadda abin yake. Kwalejojin al'umma na jihar nan guda 58 ne, kuma farashinsu ɗaya, majalisar jiha ce ke yanke shi: dala 76 kan kowane kiredit (ma'aunin yawan darasi) ga mazaunin jiha, dala 268 ga wanda ba mazauni ba. Digirin shekara biyu da suke kira AAS bai wuce kiredit 64 zuwa 76 ba. In ka buga lissafi, kuɗin karatun gaba ɗayansa bai kai dala 6,000 ba, sai 'yan ƙananan kuɗaɗe, littattafai da kayan aiki. Tunda kana da girin kad, wato katin zama na dindindin, ka cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya. Tallafin Pell yana kaiwa dala 7,395 a shekara ga wanda samunsa kaɗan ne, kuma kyauta ce, ba bashi ba. Da yawa daga cikin 'yan ajinmu ba su zaro ko sisi daga aljihunsu don kuɗin makaranta ba, har ragowa ake turo musu su sayi sifana. Sharaɗin zama mazauni shi ne ka cika wata 12 a jihar. In ba ka cika ba, ka yi haƙuri ka jira, ka yi amfani da lokacin wajen ajin Turanci da na GED (jarrabawar da ke daidai da gama sakandare), waɗanda kwalejin ke yi kyauta.

Makarantar kuɗin kuwa, da wuya ka fita ƙasa da dala 30,000. Pell zai ɗauki ɗan wani yanki, sauran duk bashi ne mai kuɗin ruwa, wani ma tun ranar da aka tura kuɗin yake fara haihuwa. Kai Musulmi ne, ka san nauyin riba, ba sai na yi maka wa'azi ba. Kuma bashin karatu a Amurka ba ya sakin mutum da sauƙi, ko kotu ta tabbatar ka karye.

Amma ba arhar kaɗai ce ta sa nake ƙaunar kwalejin al'ummar nan ba. Muna da wani malami dattijo, ya yi shekara da shekaru a garejin manyan motoci kafin ya koma koyarwa, yatsunsa duk sun kanannaɗe da aiki. Al'adarsa ce ya riga mu shiga shago da sassafe ya dasa wa mota ciwo da gangan. Wata rana muka tarar da tsohuwar Freightliner ɗin da muke koyo a kanta, fitilun dashbod duk sun kama, kwamfuta ta zubo lambobin matsala a jere. Kowa na faɗin albarkacin bakinsa: wannan ya ce sensa ce ta mutu, wancan ya ce ƙwaƙwalwar injin ce ta ƙone, sai dai sabuwa. Dattijon bai ce uffan ba. Ya sa aka cire kan batir, ya miƙa mini mita, ya nuna mini soket ɗin nan mai ƙafa 9 da ke ƙasan sitiyari, ya ce in auna tsakanin ƙafar C da ta D. Mita ta nuna om 120 (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta). Ya waiwayo ya tambaye mu nawa ya kamata ta nuna. Layin da ƙwaƙwalen mota ke magana da juna ta kansa, wato J1939, yana da rasista biyu masu om 120, ɗaya a kowane ƙarshe. In duka biyun na nan lafiya, 60 za ka gani. Ganin 120 yana nufin ɗaya ta fita daga layi. Muka bi wayar nan taku-taku har bayan giyabos, muka tarar ya zare ƙafa guda a cikin wani soket ya mayar da murfin kamar ba a taɓa ba. Ya tura ta da ɗan yatsa, aka mayar da kan batir, aka tayar da mota, fitilu suka ɗauke. Da a wani garejin ne, da an sa mai mota ya sayi kayan dubban daloli a banza. Kuma mutumin nan, da na yi masa zancen sallar Juma'a, nan take ya mayar mini da aikin ranar zuwa safe, bai nemi dogon bayani ba. Allah ya saka masa.

Ka ce ka yi yaron gareji a Maradi. Wannan babban jari ne, hannunka ya riga ya san nauyin ƙarfe, za ka tsere wa rabin ajin wajen sauke giyabos da ɗaura birki. Sai dai tirelar yau ba tsohuwar Mack ko DAF ɗin da muka saba da ita a gida ba ce, wadda ake sauraron kukanta a gane ciwonta. Tun 2007 doka ta sa manyan motocin dizal ɗaukar DPF, matatar da ke kama baƙin hayaƙi a salansa. A 2010 aka ƙara tsananta doka, aka shigo da SCR, wani tsarin tsabtace hayaƙi, da ruwan DEF da yake aiki da shi, wanda yuriya ce kashi 32.5 cikin 100 a gauraye da ruwa. In wannan tsarin ya samu matsala, motar da kanta take rage ƙarfi, tana iya komawa mil 5 a awa a tsakiyar hanya da kaya a bayanta. Yawancin abin da ke shigo mana shago ke nan, shi da wayarin. Man da ke zuwa injekta kuma matsinsa ya haura 2,000 a ma'aunin matsi na bar. Dabarar nan ta gida, ta sassauta bututun nozul inji na tafiya don a ga wane silinda ne ba ya ci, kada ka kuskura ka yi ta a nan: man yana huda fata ya shiga jiki, ana rasa yatsa a kan haka. Waɗannan abubuwa, da karanta taswirar waya, da aiki da manhajojin kamfanoni irin su INSITE na Cummins da DiagnosticLink na Detroit, suna son a zauna a kansu a natse, a maimaita. Shekara biyun nan ba ta yi yawa ba.

Makarantar kuɗin, in za a yi mata adalci, tana da sauri, tana ɗaukar sababbin ɗalibai kusan kowane lokaci, ba ta sa ka ajin lissafi da rubutu, kuma wasu na da injuna masu kyau. Iyakar abin da zan iya faɗi ke nan. Akwai yaron da muke aiki tare, can ya yi, ba laifi ya iya aiki, amma albashi ɗaya aka fara ba shi da wanda ya fito kwaleji, kuma duk wata sai masu bashi sun yanki rabonsu kafin ya aika wa mahaifiyarsa. Da ya so ƙaro karatu, aka ce kiredit ɗinsa ba sa shiga. Ajin rubutun nan da ake gudu, shi ne ke taimakonka ranar da za ka rubuta rahoton garanti, ko ranar da za a nemi wanda zai shugabanci shago.

Kuma kada ka ɗauka shekara biyun zaman banza za ka yi. Kana cikin jihar da manyan motoci suka yi gida: hedikwatar Mack da ta Volvo Trucks ta Arewacin Amurka duk suna Greensboro, Thomas Built na ƙera motocin makaranta a High Point, Freightliner na da masana'anta a Cleveland da Mount Holly na nan jihar. Garejin dillalai da na kamfanonin sufuri kullum suna neman hannu. Tun zangon farko ka nemi aikin yamma ko na dare, canjin mai da girisi da duba birkin iska, kana koyo kana karɓa. Wannan zai yi maka amfani wajen ASE, hukumar da ke ba kanikawa shaidar ƙwarewa, domin kafin su ba ka shaida suna son shekara biyu ta aikin hannu, amma mai digirin kwaleji shekara ɗaya ta ishe shi. Jarrabawar manyan motoci T1 zuwa T8 ce; ka fara da T4 ta birki, sannan T2 ta inji da T6 ta wuta. Ka tambaya ko kwalejin da ke kusa da kai na da haɗin gwiwa da wani kamfani. Caterpillar na da shirin ThinkBIG a wasu kwalejoji, mako 8 a aji, mako 8 a garejin dillali ana biyanka, haka har ka gama. In ka samu dama ka haɗa da lasisin CDL na tuƙin manyan motoci, don ka iya fita gwajin mota da kanka. Matsakaicin albashin sana'ar a ƙasar nan yana wajen dala 60,000 a shekara, amma ba da shi ake farawa ba, kada wani ya ruɗe ka.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba. Mai kiranka a waya ɗin nan da ke ce wa kansa mai ba da shawara, ɗan kasuwa ne, kujera yake sayarwa. In ya ce guraben sun kusa ƙarewa, sai ka sa hannu yau, ka ce zai ji ka. In ya ce an ba ka tallafin kaza, ka sa ya nuna maka a rubuce wanne ne kyauta, wanne ne bashi, ka kai wa wanda ya iya Turanci sosai ya karanta maka kafin biro ya taɓa takarda. Ba zargi nake yi a iska ba. Kamfanin Corinthian, wanda ya mallaki makarantun kuɗi na Everest da WyoTech, ya rushe a 2015, ya bar dubban ɗalibai da bashi ba takarda, bayan an kama shi da ƙara gishiri a adadin waɗanda suka samu aiki. Sai a 2022 gwamnati ta yafe bashin mutum 560,000, dala biliyan 5.8. ITT Tech ma ta rufe ƙofa a 2016. Kowace makaranta ce, ka duba ko ASE Education Foundation ta amince da shirinta na manyan motoci. FAFSA kuma kyauta ake cikewa, duk wanda ya nemi ka biya shi a kanta, ko ɗan garinku ne, cuta ce.

Sannan akwai motar kayan aiki da ke zagayowa gareji duk mako. Mai ita zai yi maka fara'a, ya buɗe maka akwati mai sheƙi na sama da dala 10,000, ya ce ɗauka kawai, ka riƙa ba da ɗan wani abu duk sati. Na ga yara da yawa sun tsere wa bashin makaranta sun faɗa wannan. Ka karɓi jerin kayan da kwaleji ta ce ka saya, ka yi amfani da rangwamen ɗalibai, ka sa kuɗinka a mita mai kyau da sifanar auna ɗauri, sauran ka saya na talaka ko na hannu. Haka kuma duk garejin da ya ce ka zo ka riƙa cire DPF kana goge shi a kwamfuta, kuɗi a hannu, ka guje shi. Laifi ne a dokar tarayya, kuma tarar tana iya hawa kan wanda ya yi aikin da hannunsa.

Ranar Litinin ka je kwalejin al'umma ta Guilford Tech, ko ta Forsyth Tech in garin Winston-Salem ya fi maka kusa. Ka fara da ofishin tallafin kuɗi, da girin kad ɗinka da takardar harajin da ka cike da shaidar zama a jiha. Daga nan ka ce a kai ka shagon dizal ka gana da malamin da kansa, ka tambaye shi ɗalibai nawa ke kan inji ɗaya, da kuma waɗanne gareji ne ke ɗaukar yaransa aiki tun suna aji.