Asabar shida ina kunna sabon shirin siyasa a shagona

Shagon cajin waya gare ni a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Auyo, bakin hanyar da masu shinkafa ke bi su fita Haɗeja. Farantan sola huɗu a kan kwano, batir biyu, sai talabijin da na kafe a bango saboda ƙwallo. Garinmu ya daɗe rabonsa da lantarki, don haka duk mai son kallo da daddare wurina yake zuwa. Shi ya sa nake ganin ina da ta cewa a kan sabon shirin siyasar nan da wata tashar Hausa ta fara sakawa daren Asabar bayan sallar isha'i, ta maimaita ranar Lahadi da hantsi. Asabar shida ke nan ina kunna shi, kuma ban taɓa kallonsa ni kaɗai ba. Ba zan kama sunan tashar ba, don yabo da ƙorafi duk suna cikin maganata.

Ƙanena da ke karatu a Dutse ne ya bugo ya ce, "Yaya, ka nemo tasha kaza a risibarka ranar Asabar, akwai abin da za ka so." Daren farko sai da aka kai ruwa rana da samari, saboda a daidai lokacin ake buga wasan Sifaniya. Muka daidaita a kan a bar wa dattawa awa ɗaya, in an gama a koma ƙwallo. A sati na uku, samarin da suka fi kowa gunaguni su ne suka riga kowa kama benci.

Tsarin shirin ba shi da wuya. Mai gabatarwa ɗaya, baƙi biyu ko uku da ba su sha inuwa ɗaya ba, maudu'i ɗaya, sai a buɗe layin waya a ƙarshe. Hoto tas, murya tana fita, sai dai in hadari ya haɗo dish ya ɗauke. Wannan ba laifinsu ba ne.

Mu nan rediyo muka gada. Mahaifina da akwatinsa yake tafiya gona, ya rataye shi a reshen darbejiya yana noma yana ji. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana da mutanenmu, kuma daga 2003 da Freedom ta buɗe a Kano, gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita, hirar siyasa ta zama abincin dare. Mun saba da sojojin baka, masu shigowa minti biyu su wanke ubangidansu su shafa wa abokin hamayya kashin kaji. Mun iya sauraro, mun iya gane murya. Abin da rediyo bai taɓa ba mu ba shi ne fuskar mai magana a lokacin da tambaya ta same shi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a nan ne shirin nan ya kama mutanen shagona.

Sati na biyu aka ɗauko maganar kuɗin ƙananan hukumomi. Mai gabatarwa ya fara da tuna hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Daga nan ya sa aka nuno yadda ake raba kuɗin asusun tarayya: kashi 52.68 na gwamnatin tarayya, 26.72 na jihohi, 20.60 na ƙananan hukumomi. Shagon ya yi tsit. Wani yaro da ke aji biyar a sakandare ya miƙe ya ɗauki hoton allon da wayarsa. Mutane da yawa a wurin, har da masu furfura, ba su taɓa sanin cewa sakatariyar da suke wucewa kullum tana da kaso rubutacce da doka ta yanka mata ba. A zatonsu abin da gwamna ya ga dama yake yafa mata.

Cikin baƙin akwai wani tsohon ciyaman daga wata jiha. Mai gabatarwa ya ce masa, "Ranka ya daɗe, a watan ƙarshe da ka yi a ofis, nawa aka rubuta wa ƙaramar hukumarka, nawa ya shigo hannunka?" Mutumin ya gyara hula, ya fara yabon mai girma gwamna. Aka bar shi ya kai aya, aka sake maimaita tambayar. Ya ɗauki robar ruwa ya kurɓa, ya ce ai asusun haɗin gwiwa tsari ne da tsarin mulki ya tanada. Mai gabatarwa ya ce gaskiya ne, amma nawa? A nan kyamara ta matso kusa. Muka ga idonsa ya sauka kan takardar da ke gabansa, yatsunsa suna murza murfin robar, ya buɗe baki ya rufe. Da rediyo ne, da shirun daƙiƙa biyar kawai za mu ji, mu ɗauka layi ne ya yanke.

Akwai wani dattijo da duk gari ke kira Baba, wanda nake ajiye wa kujerar roba a gaba saboda idonsa. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Kun gani ko? Ya sani. Faɗa ce ba zai yi ba." Baba ɗan PRP ne tun 1979, lokacin da nan duk jihar Kano ce, kafin a yanke Jigawa a 1991. Har yau in ya tashi ba da labarin yadda gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, sai muryarsa ta canza. Bayan an gama shirin ya riƙe ni da hira, ya ce a zamanin Malam Aminu Kano ɗan siyasa kan tebur yake hawa a tsakiyar kasuwa, rana na dukansa, kowa na kallon ƙwayar idonsa, mai tambaya ya yi tambaya. Ya ce daga baya suka koma cikin mota mai baƙin gilashi, sai murya da fosta. "Ɗana," in ji shi, "wannan akwatin naka ya dawo mana da teburin." Maganar ta zauna mini, kuma ita ce babban dalilin da ya sa nake ware wa shirin wutar batir ko da ranar an yi lumshi, sola bai ja sosai ba.

Abu na biyu da na yaba shi ne ba a zagi. Sau biyu na ga baƙo ya fara shiga rigar mutuncin abokin zamansa, mai gabatarwa ya ɗaga hannu ya ce a dawo kan magana. Saboda haka nake iya barin yara su zauna, kuma liman ma ya taɓa tsayawa a bakin ƙofa har aka tashi.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Mai shayin da ke gefena ya ce duk kanwar ja ce, an ba su tambayoyin tun a gida, wasan kwaikwayo ne ake mana. Ban yarda da shi gaba ɗaya ba, don gumin da na gani a goshin tsohon ciyaman ba na shiri ba ne. Amma a sati na huɗu maganarsa ta sami ƙafa. An kawo wani babban mai riƙe da muƙami shi kaɗai, ba abokin ja, kuma mai gabatarwan da ya matsa wa wancan sau uku sai ga shi yana lallaɓa wannan kamar ƙwai. A tsakiyar shirin aka saka tallar ayyukan ma'aikatar da baƙon ke shugabanta, har sau biyu. Mai shayi ya leƙo ya ce, "Malam, ka ga abin da nake faɗa maka?" Ban sami amsar ba shi ba. Na san tasha ba ta tafiya sai da kuɗi, amma in fili na saye ne, a rubuta a ƙasan allo cewa na saye ne, kada a haɗa shi da sauran a riga ɗaya. Daren nan mutum kusan goma suka tashi kafin a gama.

Babban ƙorafina kuwa shi ne shirin bai san da mu ba. A sati na biyar aka tattauna cire tallafin mai, wanda Shugaba Tinubu ya sanar ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayun 2023. Kowa ya san abin da ya biyo baya: litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Awa guda ana magana a kan ma'aikacin da ke hawa mota zuwa ofis, da motocin gas, da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Duk gaskiya ne. Amma mutanen da ke zaune a gabana ba su da albashi, kuma fetur a wurinsu ba na mota ba ne, na injin ban ruwa ne. Mai shinkafar rani ko alkama a fadama, in bai tayar da inji ya ba ta ruwa a kan kari ba, ƙasa ta tsage, taki da iri da kuɗin 'yan ƙwadago duk sun tafi. Wani maƙwabcina ya rage fili rabi saboda mai, wani ya sayar da tunkiya biyu ya haɗa kuɗin famfon sola. Ba wanda ya ambaci injin ban ruwa ko sau ɗaya. Wani manomi da ke zaune a tabarma ya ce, "To mu shinkafar da suke ci a birnin, da yawu ake ba ta ruwa?"

Haka maganar ambaliya. Ruwan da ke sakkowa daga madatsun Tiga da Challawa ta kogin Haɗeja yake bi, kuma kachala ta cinye hanyoyinsa, ta toshe su, ruwa ya rasa mabi sai gonaki da gidaje. A cikin kachalar nan ne jan-baki ke kwana, su fito da safe su sauka a kan shinkafa. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja da Kirikasamma a daminar 2022 ya san cewa a wurinmu babu siyasar da ta wuce wannan: wa zai yashe kogi, wa zai ɗaga jinga, da wane kuɗi, a wane wata. Sati shida, ba a taɓo ta ba. An yi sauya sheƙa, an yi rikicin shugabancin jam'iyya, an yi wa zai tsaya a zaɓe mai zuwa.

Layin wayar ma bai taimaka ba. Minti goma ake bayarwa a ƙarshe, talla ta ci uku. Sati uku ina kira daga kan tudun bayan shago inda sabis ya fi ƙarfi, sau ɗaya ya shiga, aka ajiye ni ina jin kiɗa har katina ya ƙare. Saƙonnin da ake karantawa galibi daga Facebook ne, daga Kano da Kaduna da Abuja, har da mazauna Saudiyya. Baba ba shi da Facebook. Ga kuma baƙin da ke zamewa zuwa Turanci daidai inda magana ta yi nauyi, wurin kasafi da bashi da sashen doka. Mai gabatarwa yakan fassara wani lokaci, wani lokaci ya wuce, sai in ga dattawa suna waige suna neman malamin firamaren garinmu ya warware musu.

Mata ba sa zuwa shago da daddare, don haka nakan sauke guntayen shirin in tura wa maiɗakina a waya, ita kuma ta nuna wa maƙwabta. Da ta kalli na sati uku a jere sai ta ce, "Maigida, su matan ba su da baki ne?" Na lissafa, a Asabar shida mace ɗaya aka gayyato, kuma sau biyu ana katse ta. Ta ce in da za a ba ta dama, tambayarta ɗaya ce: me ya sa asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarmu ke rufe da magariba, alhali naƙuda ba ta san dare ba, kuma ranar zaɓe layin mata ne ya fi tsawo? Na faɗa mata gyara asibitin matakin farko yana cikin ayyukan da ƙaramar hukuma ke da hannu a ciki, wato cikin kashi 20.60 ɗin nan ne. Ta ce to a tambayi ciyaman a gaban kyamara, ita ma tana son ganin fuskarsa.

Duk da haka, wanda ya tambaye ni ko shirin ya cancanci awa ɗaya da wutar batir, zan ce masa ya kalla, kuma ya kalla cikin mutane. Maimaicin Lahadi ba ya mana amfani, kowa yana kasuwa ko gona, da za su mayar da shi dare da sun kyauta. Da za su ɗauko kyamarar nan su fito, sati ɗaya a wata, su kafa kujerunsu a filin wata sakatariya cikin ƙananan hukumomi 27 na Jigawa, su zaunar da ciyaman da kansiloli, su miƙa wa manomi makirfo, da shagona bai isa ɗaukar masu kallo ba.

Asabar ɗin da ta wuce kansilan mazaɓarmu ya kawo cajin waya, ya tarar ana kallo, ya zauna. Da aka tashi, yaron nan mai hoton allo ya matso ya gaishe shi, ya nuna masa hoton, ya ce, "Honarabul, namu kason nawa ne a wata?" Kansila ya ce zai bincika ya dawo da amsa. Baba ya ce a rubuta ranar, aka rubuta a bangon shago da alli. Malamin firamare kuma ya tsara mana tambayar kachala a takarda, gajeriya yadda ba za ta ci kati ba, na manna ta a gefen talabijin. Wannan Asabar tun kafin a buɗe layi zan hau tudu in fara kira.