NELFUND: rancen da ya fi na aljihun malami tsafta

Idan ana gab da rufe rajista a manyan makarantun Legas irin su UNILAG ko LASU ko YABATECH, ɗan Arewa da ya taso a Agege ko Alaba Rago yakan nufi ofishin malamin da suke jin yare ɗaya, ya rusuna ya ce, "Malam, a taimaka min, zan biya ƙarshen wata." Shawararmu ita ce malam ya zaunar da shi su buɗe shafin NELFUND tare, kafin ya kai hannu aljihu.

NELFUND asusun rancen ɗalibai ne na Gwamnatin Tarayya. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokarsa a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu. Babu kuɗin ruwa, kuma ba a neman mai tsaya wa ɗalibi. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, shi kuma ɗalibi, in ya nema, ana ba shi naira 20,000 duk wata na ɗawainiya. Biya sai shekara 2 bayan gama NYSC, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Ana buƙatar lambar NIN, BVN, lambar JAMB, lambar shaidar ɗalibi da takardar samun gurbi. A nan yaranmu suka fi yin tuntuɓe: Muhammad a NIN, Mohammed a JAMB, sunan gari a matsayin sunan mahaifi a BVN. Da zarar bayanai sun saɓa, tantancewa ta tsaya, sai an je an gyara. Haka ma idan makaranta ba ta ɗora sunan ɗalibi a rumbun asusun ba; wannan a ofishin kula da harkokin ɗalibai ake bibiyarsa. A nema da wuri, domin tsakanin amincewa da shigar kuɗi akwai jira.

Babban alherinsa shi ne ya cire malami daga tsakiya. Mai riƙe da makin gwaji da na jarrabawa, ko mai duba kundin kammala karatu, in ya zama mai bin bashi, komai ya gurɓace. Ɗalibi ya ci, abokansa su ce kuɗi ne ya yi magana. Ya faɗi, shi kansa ya ce don bai biya ba ne. Ranar biya ta wuce, sai ya fara ƙaurace wa aji don kunya, karatun da aka so ceto shi ne ya fara lalacewa. In ɗaliba ce, saƙon banki ɗaya daga malami ya isa a gina zargi, ko da niyya fes take. Sannan aike da ɗaukar jaka da mai cin bashi zai fara yi, malaman fiƙihu sun daɗe da gargaɗi kan bashin da ke jawo wa mai bayarwa amfani.

Sai dai asusun bai toshe kowace kafa ba. Ba ruwansa da ɗaliban makarantu masu zaman kansu, haka ɗan sakandaren da ke neman kuɗin WAEC ko JAMB. Naira 20,000 kuwa, ga mai shiga danfo (motar haya) kullum daga Mile 12 zuwa Akoka, inda UNILAG take, kuɗin mota ma da ƙyar. Ba kuma asusun gaggawa ba ne, ba ya maganin kuɗin asibitin daren yau.

A irin wannan giɓin, abin da malam zai iya yafewa ya bayar kyauta, ta hannun kwamitin masallacin makaranta ko reshen ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, ba tare da an faɗi sunansa ba. In rance ne dole, a sanar da iyaye ko shugaban sashe, a rubuta adadi da ranar biya da shaidu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta, takardar jarrabawar yaron kuma a miƙa wa wani malami ya duba.