Wata takwas da tsarin sa ido kan injina: abin da ya nuna mana da inda ya gaza

Wata takwas ke nan da muka ɗaura tsarin sa ido a kan injina uku na zuba roba a masana'antar da nake kula da sashen sarrafa kayanta, kuma ina ganin na yi aiki da shi gwargwadon da zan iya faɗa wa mai niyyar sayen irinsa abin da zai tarar. Irin wannan kaya ya yawaita tun bayan da aka fara yayata batun juyin masana'antu na huɗu, wanda Jamusawa suka fito da sunansa a baje kolin masana'antu na Hanoba a shekarar 2011, kuma kusan dukansu ƙirarsu ɗaya ce. Akwai 'yar na'ura da ake maƙala wa wayar wutar inji domin ta san ko yana aiki ko ya tsaya, akwai wata mai ƙirga kayan da suka fito, akwai allon taɓawa da ake kafawa kusa da mai sarrafa injin domin ya shigar da dalilin kowace tsayawa, sannan akwai manhajar da ke tattara bayanan ta intanet ta nuna su a kwamfuta ko a waya.

Ɗaurawar ba ta ba mu wahala ba, kuma wannan abin yabo ne. Sabon injinmu yana magana da tsarin kai tsaye ta hanyar Modbus, ƙa'idar sadarwar da kamfanin Modicon ya fitar tun 1979 kuma har yau injina da yawa ke amfani da ita. Tsofaffin biyun kuwa ba a buɗe akwatin sarrafa su ba, maƙala na'urar kawai aka yi. Sai dai a nan ne matsala ta farko ta fito, domin injin zuba roba yana jan wuta ko da ba ya fitar da komai, tunda dole ne a ci gaba da ɗumama robar da ke cikinsa, don haka a makon farko tsarin ya riƙa nuna mana cewa injin yana aiki alhali yana tsaye. Sai da aka ɗauko alamar daga rufewa da buɗewar mazubi, wato ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki domin ta ɗauki siffar kaya, sannan lissafin ya daidaita. Duk wanda injinsa ke da abin ɗumamawa ko famfon da ba ya tsayawa, ya tambayi mai sayarwa wannan tun kafin ya sa hannu a takarda.

Zuciyar tsarin ita ce ma'aunin da ake kira OEE a taƙaice, wato cikakken ingancin aikin inji, wanda Seiichi Nakajima na ƙasar Japan ya shahara da shi a cikin tsarinsa na kula da injina da ya haɗa kowa da kowa a masana'anta. Ma'aunin yana ninka abubuwa uku: yawan lokacin da injin ya yi yana aiki daga cikin lokacin da aka tsara masa, saurin da ya yi idan aka kwatanta da saurin da aka ƙera shi a kai, da kuma yawan kayan da suka fito lafiya ba tare da aibu ba. A ɗauki misali domin a gane. Idan aikin yini minti 480 ne, aka cire minti 30 na hutu, saura 450. Injin da ke iya fitar da guda 60 a minti ɗaya ya kamata ya fitar da 27,000 a wannan lokaci. Idan ya tsaya na minti 60, ya fitar da 20,000 a sauran lokacin, kuma 600 daga ciki suka lalace, to masu kyau 19,400 ne, wato kusan kashi 72 cikin 100. Wanda ya zo wucewa zai ga injin yana ta aiki ya ɗauka komai lafiya, alhali fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa ya salwanta.

Abin da ya fi amfanar mu, kuma shi kaɗai ya isa in ce tsarin ya biya buƙata, shi ne yadda ya tona asirin ƙananan tsayawa. Kafin zuwansa muna da littafin da ake rubuta lalacewar inji, amma ba wanda ke ɗaukar biro saboda tsayawar minti ɗaya ko biyu. Kaya ya maƙale a mazubi an ciro shi, roba ta ƙare a mazurari an jira a ƙaro, kwali ya cika ba a kawo wani ba, duk waɗannan suna faruwa sau da yawa a yini su wuce ba tare da wata alama ba. Akan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma tsofaffin ma'aikatanmu sun daɗe suna faɗin cewa akwai lokacin da ke zubewa, sai dai ba su da hujjar da za su ajiye a gaban masu yanke shawara. Da aka tara waɗannan tsayawa na mako guda a allo ɗaya, sai ga shi jimillarsu ta zarce ta manyan lalacewar da muke ta yin taro a kansu. Na daɗe ina kallon wannan jadawali, domin shekaru muka yi muna neman izinin sayen sabon inji, alhali wani ɓangare na abin da muke nema yana kwance a cikin waɗanda muke da su.

Haka kuma ya nuna mana ainihin tsawon lokacin da canjin mazubi ke ci. A nan ya kamata a fahimci iyakar kayan: ya gaya mana cewa canjin yana daɗewa, amma bai gaya mana yadda za mu rage shi ba. Maganin mun samo shi ne daga dabarar Shigeo Shingo, wanda ya yi aiki da Toyota a kan rage lokacin canjin mazubi zuwa ƙasa da minti goma. Ginshiƙin dabarar shi ne a raba ayyukan canji gida biyu, waɗanda dole sai inji ya tsaya kafin a yi su, da waɗanda za a iya gamawa yana kan aiki. Ɗauko sabon mazubi daga ma'ajiya, ɗumama shi, jera sifana da notuna da tiyo a kan amalanke ɗaya, busar da robar da za a yi amfani da ita, duk ba sa buƙatar a kashe inji, amma mu a da sai ya tsaya muke fara neman su. Ba mu kai minti goma ba, kuma ba na tsammanin za mu kai da irin mazuban da muke da su, amma raguwar ta fito fili a allo, kuma ganin ta da idonsu ne ya sa kanikawa suka rungumi sabon tsarin.

Inda kayan ya fi ba ni takaici shi ne jerin dalilan tsayawa da ya zo da su. Sun yi yawa ƙwarai, an kuma jera su shafi bayan shafi, ta yadda mai sarrafa inji da hannunsa ke cikin safar aiki, ga kaya na jiran sa, ba zai tsaya karatu ba, sai ya taɓa "wani dalili" ya wuce. A watan farko wannan zaɓi ne ya fi kowanne yawa, wanda ke nufin mun san injin ya tsaya amma ba mu san me ya tsayar da shi ba. Sai da muka zauna da ma'aikatan da kansu, muka rage jerin zuwa takwas, aka rubuta su da kalmomin da suke amfani da su a bakin aiki, sannan bayanan suka fara ma'ana. Da masu ɗaurawar sun ware ko da yini ɗaya domin wannan zama, da ba mu yi asarar wata guda ba. Horon da suka bayar ya karkata ga manajoji da yadda ake karanta jadawali, alhali ingancin duk abin da manaja zai karanta yana hannun wanda ke tsaye gaban injin.

Akwai kuma hatsarin da ke tattare da lambar kanta. Manhajar tana ja wa kowane inji layi a kan kashi 85 cikin 100, adadin da ake dangantawa da Nakajima, wanda ake samu idan aka ninka kashi 90 cikin 100 na lokacin aiki, 95 na sauri da 99 na kaya masu kyau, kuma duk abin da ya gaza haka sai ta shafa masa ja. Masana'antar da ke canza mazubi sau da yawa a yini domin biyan buƙatun masu saye daban-daban ba za ta yi daidai da wadda ke fitar da abu ɗaya mako bayan mako ba. Ga shi kuma ɗaga lambar ba tare da an gyara komai ba abu ne mai sauƙi: a rage saurin da aka rubuta wa injin, ko a mayar da wata tsayawa cikin waɗanda aka tsara, ko a ci gaba da fitar da kayan da ba wanda ya yi odarsu domin kada injin ya tsaya. Wannan na ƙarshe shi ne Taiichi Ohno na Toyota ya ɗauka a matsayin mafi muni cikin nau'o'in asara bakwai da ya lissafa, domin yana ɓoye sauran. Manhajar tana barin mai izinin manaja ya sauya saurin inji ba tare da ta ajiye tarihin sauyin ba, kuma ina ganin wannan giɓi ne babba da ya kamata a toshe. Allon da ke jera masu aikin safe da na rana da na dare daga na ɗaya zuwa na ƙarshe kuwa mun kashe shi tun da wuri, saboda da zarar ma'aikaci ya ji cewa da lambar ake auna shi, zai daina faɗin gaskiyar dalilin tsayawa.

Ɓangaren hasashen lalacewa, wanda aka fi tallatawa, shi ne mafi ƙarancin amfani a wurinmu zuwa yanzu. Na'urar auna girgiza da aka ɗora wa famfon mai ta yi gargaɗi sau da dama ba tare da an sami komai ba, kuma irin wannan tsari yana buƙatar dogon tarihi kafin ya san bambancin girgizar da aka saba da ta boris da ya fara ci. Sharewa, zuba mai da ɗaure notuna a kan lokaci, waɗanda masu sarrafa injin ke yi da kansu kowace safiya, sun fi rage mana matsala.

Idan intanet ta yanke, na'urorin suna ajiye bayanai su aika daga baya, amma allon jadawalin yakan tsaya cik har sai ta dawo. Masu amsa kira na kamfanin da ya sayar mana suna da sauri a kan matsalar na'ura, kuma ana iya sauke bayanan gaba ɗaya a buɗe su a Excel, abin da ya kamata kowa ya tabbatar an rubuta masa a yarjejeniya.

Ina ba da shawarar wannan tsari ga masana'antar da ta riga ta san injin da aiki ke cushewa a gabansa, kuma take da mutumin da zai zauna da ma'aikata kowace safiya su duba manyan dalilai uku na jiya su zaɓi ɗaya su bi shi har tushensa. A fara da wannan inji ɗaya, a bar ɓangaren hasashe sai gaba. Mu mun sabunta yarjejeniyarmu a kan injina biyu, mun cire na'urorin daga na ukun, wanda dama ba shi ke riƙe mana aiki ba, mun mayar da su kan injin naɗe kaya da yanzu kwalaye ke taruwa a gabansa.